Jar Fitilar Fijon Papa

A tsakiyar Fagge wata mota Fijo ta mutu, ana tsaka da cunkoson azahar, 'yan adaidaita sahu sai zuba mata ham suke yi. Zacchaeus, mai gyaran wutar mota, ɗan Zariya, ya taso daga rumfarsa da niyyar faɗa. Yana leƙa tagar ya ga direbar, faɗan ya bi iska.

"Don Allah ka taimaka," ta ce da Hausarta tas. "Motar babana ce. Idan wani abu ya same ta, na shiga uku."

Chiamaka ke nan, 'yar Baba Okechukwu mai shagon fanti a Sabon Gari. Fijo 404 ce, a cikinta aka kai marigayiya mahaifiyarta coci ranar aure, shi ya sa tsohon ko ƙuda ba ya so ya sauka a kanta. Zacchaeus ya canza burushin altaneta, na'urar da ke cajin batir, batir ya kama caji, shi kuma ya kama lambar wayarta.

Wata huɗu suna soyayya. Ita ta ce masa "Injiniyana", shi ya ce mata "Amakata". Sai motar ta sake daina caji.

Harrison, mai sayar da kayan mota, wanda dama Baba shi yake so wa 'yarsa, ya sami abin da yake jira. Ya ce ai yaron nan ya sace altaneta ta asali ya ɗaura jabu. Harrison ɗin ya ɗaura sabuwa daga shagonsa, shiru. Ya ɗaura ta biyu, batir ya sake kwanciya.

Saƙon Chiamaka ya shigo wa Zacchaeus da safe: "Injiniyana, gaya min gaskiya, ka canza wani abu a motar? Papa ya ce ɓarawo ba zai auri 'yarsa ba. Ya ce ka zo Asabar. In ba ta yi caji ba, shi ke nan."

Abin ya yi masa ciwo, ba kaɗan ba. Ya rubuta: "Har da ke, Amakata? Zan zo."

Ranar Asabar ƙofar gidan ta cika da maƙwabta. Baba na zaune a kujerar roba, fuska a ɗaure. Harrison ya harɗe hannu yana murmushi.

Zacchaeus ya danna fambel, robar da ke juya altaneta, ya ji ya ɗan saki, ya ɗaure. Ya kankare kawunan batir, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Aka tayar da mota da batirin aro, ya ɗora mita: sha biyu, ko motsi, alamar babu caji. Gumi ya jiƙa masa riga. Kusan awa biyu, babu labari.

"Baba, a sallame shi mana," in ji Harrison.

Chiamaka ta juya baya don kada a ga hawayenta.

Zacchaeus ya shiga mazaunin direba, ya kashe mota, ya sake murɗa makulli. Nan ya lura da wani abu. Jar fitilar batir ba ta kama ba. A irin waɗannan tsofaffin motoci, ta cikin wannan ɗan ƙwan wuta take bi ta tayar da altaneta. In babu shi, ko altaneta goma ka ɗaura a banza. Ya zura hannu bayan dashbod, ya ji gurbin wayam. Ya jawo mazubin tokar sigari, sai ga ƙwan a naɗe cikin rasit ɗin shagon fanti.

Ya ɗago, suka haɗa ido da Baba. Tsohon ya sunkuyar da kai.

Zacchaeus ya mayar da ƙwan, ya murɗa makulli. Ja ta kama, injin ya tashi, ja ta ɗauke. Mita ta haura sha huɗu, caji ya dawo.

"Mene ne matsalar?" wani maƙwabci ya tambaya.

"Ɗan ƙwan fitila ne ya sukurkuce," Zacchaeus ya ce. "Tsufa ne kawai."

Baba ya miƙe da ƙyar. "Ba haka ba ne. Ni na cire shi. Kullum sai ya riƙa ƙyafta min ja, irin na na'urar asibiti ranar da matata Nneka ta rasu. Na kasa jurewa. Na kira yaron nan ɓarawo a gaban mutane, shi kuma ya rufa min asiri a gabansu." Ya kama hannun Zacchaeus. "Ɗana, ka turo manyanka."

Harrison ya tattara altanetocinsa ya sulale.

"Ka yafe min, Injiniyana," Chiamaka ta raɗa masa.

"Sai kin yi min alkawarin tuƙi a hankali."

Ranar ɗaurin aure Baba da kansa ya tuƙa amarya zuwa coci. Ya murɗa makulli, ya zuba wa jar fitilar ido har ta ɗauke, sannan ya share fuska.

"A nan mamarki ta zauna," ya ce. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku shekarun da mu ba mu samu ba."