Jan Maɓalli

Da sassafe Makaɗi ya danna fiyanonsa na lantarki don ya ji muryar matarsa, sai ya ji muryar wani ƙato.

Matar mawaƙiya ce, ta rasu bara. Baitinta ɗaya ya rage masa, wanda ya ɗauka a cikin fiyanon, ya datse shi, ya tace ƙarar fanka, ya shimfiɗa shi a kan maɓallai. Ba shi da kwafi ko'ina. Yanzu babu shi. A gurbinsa wata murya ce mai kauri tana jan numfashi tana cewa, "A yafe mini."

Sufeto, ɗan sanda, maƙwabcinsu ne, shi ya sa ya zo da kansa. Ya tarar da Makaɗi a zaune, duk ya rame ya zama abin tausayi. 'Yarsa, malamar asibiti, tana tsaye da kwanon abincin da ko buɗe shi bai yi ba.

"Wa ke shiga ɗakin nan?"

"Mai gyara da Mawaƙi, abokin aikina," in ji Makaɗi. "Ɗayansu ne. Ai ka ji, namiji ne."

Aka kira Mai gyara.

"Ka taɓa fiyanon jiya?"

"Waya na canja, ranka ya daɗe, a gaban idonsa. Kuma ni da zan goge abu, me zai kai ni jan maɓalli? Ja na ɗaukar murya ne. Gogewa tana can cikin allo."

Mawaƙi kuwa bai ɓoye haushinsa ba.

"Na sha gaya masa ya bar baiwar Allah ta huta, mu koma aiki. Amma saurari muryata, Yallaɓai. Ni da ake tsokana da mai muryar sauro, ina zan samo wannan gurnani?"

Sufeto ya lura da hannun Makaɗi a kan fiyanon. Kullum can ƙarshen hagu yake dannawa.

"Me ya sa nan?"

"Nan hannuna ya saba. A nan na ajiye baitinta."

"In ka matsa dama fa?"

"Murya takan sirance, a hagu kuwa ta yi kauri. Sabon ɗauka a tsakiya yake zama, sai an..." Bai ƙarasa ba.

Sufeto ya danna na tsakiya. Ƙaton ya ɓace. Muryar mace ce, tana kuka: "A yafe mini."

Kwanon ya suɓuce daga hannun 'yar.

"Wanda ya san fiyano ba zai danna ja ba," in ji Sufeto a hankali, yana duban 'yar. "Ke kin ɗauka ja shi ne gogewa. Sai ya ɗauki muryarki a kan tata."

Ba ta musa ba.

"Baba, tun da aka binne ta ba ka dube ni ba. Ka rufe ƙofa, kai da baiti ɗaya, ba ci ba sha. Kullum ina ganin masu irin ramarka a gadon asibiti, na san inda take ƙarewa. Na rasa uwa, shi ke nan sai in zuba ido in rasa uba?"

"Za a iya dawo da muryar?" Sufeto ya tambayi Mai gyara.

Mai gyara ya girgiza kai. Wallahi Sufeto ya so a ce bai gano ba.

Makaɗi ya daɗe yana kallon 'yarsa, hawaye na bin gemunsa.

"Ke ma kin rame," ya ce. "Yaushe kika rame haka?"