Halliru Juya

Wallahi ko izu sittin na dafa muku ba za ku yarda ba. Amma ku je gefen Roni, ku sami duk wanda ya yi wayo a shekarun da kuɗin fetur ya fara leƙo ƙauye, ku ce ya ba ku labarin Halliru Juya. In bai waiwaya bayansa ba kafin ya fara, ku ce ni maƙaryaci ne.

Halliru dai ba a taɓa yin shaƙiyyi irinsa ba a ƙasar Kazaure, kuma ba za a sake ba. A aji huɗu ya bar makaranta, ba don kansa ya gaza ba, hedimasta ne ya gaji. Shi ne ya ɗaure wutsiyar jakai biyu ranar kasuwa. Shi ne ya yi kukan kura a bayan makewayin Sarkin Aska, har dattijon ya fito ba wando. A garin kowa ya sha wuya a hannunsa, kowa ya haƙura, in ban da mutum ɗaya.

Baba Kura ɗan kasuwar hatsi ne, iyayensa mutanen Barno, mutum ne mai riƙo. Shi ya fara kawo talabijin garin, daga Kano, da batirin babbar mota. Ranar da za a buɗe ta aka shimfiɗa wa manya darduma a ƙofar gidansa, har dagaci ya zo. Halliru ya faki ido ya barbaɗa ƙaiƙayin gero a wurin zaman mai gida. Ana cikin kallo Baba Kura ya fara susa. Ya sosa cinya, ya sosa baya, ya kai hannu inda dattijo ba ya kaiwa a gaban jama'a. Yara suka bar talabijin suka koma kallonsa.

Bai daki Halliru ba. Washegari ya kira shi, ya ce, “Yaro, na ga kana da ƙarfi. Kai za ka riƙa riƙe mana gora.”

Ga yadda abin yake. Akwatin a kan tebur ake ɗora shi, masu kallo su zauna su jingina da katangar sito. Eriya tana kan wata doguwar gora a bayan katangar, waya ta taso daga kanta ta ratsa rassan wata tsohuwar tsamiya, ta sauko kan akwatin. Iskar duwatsu ba ta barin gorar ta tsaya. Da ta motsa sai hoton ya koma kamar ana yayyafin gero. Dole sai wani ya rungume ta da hannu biyu, yana juyawa in an ce ya juya. Kuma mai riƙon gora ba abin da yake gani sai jar katanga.

Duk Alhamis tsakanin Magariba da Isha ake nuna wasan Garin Ka-ce-na-ce. Sabon wasa ne a lokacin, ko wata biyu bai yi ba. Akwai Mai-unguwa mai ƙaton rawani da ƙaramin hankali, da ɗan aikensa kurma, da tela mai gulma. Gari ya haukace a kansu. A rijiya hirarsu ake, a gona hirarsu ake. Halliru kuwa muryoyinsu kaɗai ya sani.

“Halliru!”

“Na'am!”

“Juya! Dama! Kai, ka wuce! Koma baya! Yawwa, kada ka yi numfashi!”

Sai dariya ta ɓarke a gaba, shi yana baya sauro na cinsa. Wani lokaci, bayan dariyar mutane ta lafa, yakan ji wata ta biyo baya, siririya, kamar ta hanci. Ya ɗauka dutse ne ke mayar da sauti.

Duk wannan da ya jure. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne sunan. Yara suka fara binsa a kasuwa suna “Juya! Juya!” Ranar Laraba ya tsaya wurin Rahamatu mai fura, yarinyar da ya daɗe yana gyara hula dominta, ya ce ta dama masa. Ta miƙo ƙwarya, ko kallonsa ba ta yi ba, ta ce, “Ungo, Malam Juya. In tsaya dama ko hagu?”

Ya dire ƙwaryar. Ya rantse gobe sai garin nan kaf ya yi gudun da za a shekara ana ba da labari, Baba Kura a gaba.

Ya kuwa zaɓi rana. Makon da ya wuce an tsaya ne daidai inda Mai-unguwa ya ɓuya a rumbu don gudun surukinsa, ga mutane sun taho da buhunan gero za su juye. Ba wanda zai yi fashin wannan Alhamis.

Da rana ta faɗi Halliru ya zagaya bayan sito, da aska a aljihu da farin zanen Adda, yayarsa, a hammata. Dabarar mai sauƙi ce. Ya hau tsamiya, ya jira wuri mafi daɗi, ya yanke waya, ya lulluɓa da farin zane, ya toshe hanci ya yi musu sallama da muryar mutanen ɓoye.

Ranar ba iska ko kaɗan. Ya ɗaure gorar da igiya, ya tokare ta da duwatsu. A gaba ana ta shimfiɗa tabarmi, ana faɗan wuri. A baya kuwa sai kangon wani gida da tsohon rumbunsa na ƙasa, da tsamiyar, baƙi ƙirin.

Ya kama hawa.

Abin da ya fara ba shi mamaki, ba jemage ko ɗaya. Tsamiyar da kullum take cike da su.

Ya kai wani babban reshe da ya miƙa saman katanga. Santsi ne da shi kamar turmin da ya sha hannu. Ya zauna. Reshen da ɗumi, irin ɗumin kujerar da wani ya tashi yanzu. Ya ce a ransa zafin rana ne.

Ya ɗaga ido, sai ga talabijin. Ƙarama kamar tafin hannu, amma tar. Karo na farko kenan da ya ga wasan da idonsa. Ashe haka Mai-unguwa yake! Ga shi a dunƙule cikin rumbu, rawani ya toshe masa ido, yana raɗa wa kurma, “Ce musu ba na nan!” Kurma ya juya ya kwarara ihu, “Ya ce ku zuba, yana nan!”

Halliru ya manta da kansa ya tuntsire da dariya. Wallahi wasan da daɗi. Har ya ji kamar ya fasa.

Sai ya hango Rahamatu a gefen mata. Ya hango ƙeyar Baba Kura tana rawa don dariya. Ya zaro aska.

Buhu na farko ya hau bakin rumbu. An kwance bakinsa.

Ƙyat.

Hoton ya watse. A ƙasa aka yi “Aaaa!” gaba ɗaya.

A sama ma aka yi.

Kusa da kunnensa na dama. Da na hagu. Da saman kansa. Nishi ne mai tsawo, na taron da aka ƙwace wa abinci a baki.

Gyare suka yi shiru. Wani wari ya taso, kamar na tsohuwar rijiya haɗe da ƙaurin gashi. Reshen ya lotsa ƙasa a hankali, kamar mutane da yawa sun gyara zama.

“Halliru.”

Tun yana ƙarami Adda take ja masa kunne: in an kira ka da almuru ba ka ga mai kiran ba, kada ka amsa. Ya sani. Kowa ya sani. Amma makonni kenan yana amsa kiran da ba ya ganin mai yinsa. Bakinsa ya riga hankalinsa.

“Na'am.”

“Ya amsa,” aka ce a hagu, ta hanci.

“Ya amsa,” aka ce a sama.

Ya so ya yi A'uzu. Harshensa ya zama kamar tsumma.

“Ka zauna a cinyar kakarmu, mun ƙyale ka.” Muryar a hankali take, kamar ta tsoho mai mura. “Mun ce baƙo ne, ya zo kallo. To an zuba masa geron, ko ba a zuba ba?”

“Ban... ban sani ba, ranka ya daɗe.”

“Mako guda muna jira.”

“Ku yi haƙuri. Da su nake, ba da ku ba.”

“Da su kake. To mu sai mun ga ƙarshensa.”

Wani abu mai sanyi ya kama shi ta ƙeya, kamar yadda ake ɗaukar ɗan kyanwa. Ƙafafunsa suka bar reshe. Ya ga katanga ta wuce, ya ga taurari. Farin zanen ya warware da kansa ya naɗe masa kai, zagaye bayan zagaye, har ya rufe masa ido ɗaya.

Tim!

Duhu. Warin kashin ɓera. Ya shafa gefe, ƙasa. Ya shafa ɗaya gefen, ƙasa. A sama ɗan zagayen haske.

Rumbun kango.

“Ya ce ku zuba, yana nan!” Muryar kurma ce sak, sai dai ta hanci.

Yashi ya fara sauka.

Shuuu. Sanyi, laushi. Ya rufe idon sawu. Ya kai gwiwa. Halliru ya yi tsalle, yashin ya riƙe shi. Ya yi ihu, ihun ya tsaya a cikin rumbu. Can nesa yana jin mutanen gari suna “Halliru, juya mana! Ina ɗan banzan yaron nan?”

Bakin rumbun ya cika da kawuna. Ba fuska. Idanu kawai, a tsaye, ba a kwance ba.

“Mai-unguwa ba ya shiru,” aka ce. “Yi magana.”

Yashi ya kai ƙugu.

To a nan ne za ku san Halliru ba ƙaramin shege ba ne. Wani da tuni ya suma. Shi kuwa ya tattaro muryar da ya daɗe yana ji ta bayan katanga, ya shaƙe wuya, ya ce, “Wayyo rawanina! Ku zuba a hankali, aro ne!”

Dariya. Siririya, da yawa. Yashin ya tsaya.

Da dariyar ta lafa, ya ci gaba da zuba.

Ya gane. Ya yi muryar tela. Ya yi ta suruki. Ya yi kukan jaki, ya yi kukan kura. Duk dariya ɗaya numfashi ɗaya. Ya yi susar Baba Kura da kafaɗu, don hannuwa sun riga sun nutse. Suka yi dariya har rumbun ya girgiza.

Ƙirji.

Ya sake wayyo rawanina.

“Ka yi wannan ɗazu.”

Wuya.

Ya lalubi kansa, ba sauran komai. Shi da bai taɓa rasa abin faɗa ba.

Haɓa. Yashi a leɓe. Ya ɗaga kai sama kamar akuya a ruwa.

Sai ladan ya ɗaga murya. Isha.

Kawunan suka janye ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshe ya daɗe. Ya sunkuyo har Halliru ya ji sanyinsa a goshi.

“Ba a gama ba. Alhamis.”

Hasken tocila ne ya biyo baya. Mutanen gari ne, da sanduna, sun zo neman mai gora. Suka leƙa rumbu suka ga kai ɗaya a kan yashi, da rawanin zanen mata. Sai da suka gama dariya tukuna aka kawo fartanya. Da aka jawo shi, askar tana nan a hannunsa, yatsun sun ƙi buɗewa. Ga guntun waya yana lilo daga tsamiya.

Ya ba su labari yana tofar da yashi. Ya rantse, ya sake rantsewa. Sarkin Aska ya ce, “Allah sarki. Kurar da ta yi min kuka a makewayi ma aljana ce.” Aka sake fashewa.

Baba Kura bai yi dariya ba. Ya haska wayar da tocila, ya daɗe yana dubawa.

“Irin wannan sai Kano,” ya ce. “Ni kuma ba ni da niyyar zuwa Kano kafin kaka.”

“Alhaji, ai ɗaurewa ake,” in ji wani. “A murɗe bakin biyu, shi kenan.”

“Na sani. Ni ba na son ɗauri. Wanda ya raba su shi zai riƙa haɗa su da hannunsa. Can inda ya yanke.” Ya nuna reshen da tocila. “Gora kuma na ga ya iya ɗaure ta.”

Halliru ya zube ya kama ƙafarsa. “Baba, ka yi min bulala. Ka kai ni wurin alƙali. Ka aske min kai a kasuwa. Don girman Allah, ban da tsamiyar nan!”

“Au, kana tsoronta?” Baba Kura ya janye ƙafarsa. A ranar ne aka fara ganin haƙoransa. “Madalla.”

Kada ku ce bai gwada gudu ba. Ranar Alhamis da hantsi ya hau motar Babura, da niyyar ya tsallaka Nijar. Ya ce yana tuna sun wuce Kazaure, yana tuna ƙarar injin. Ya ɗan rufe ido. Da ya buɗe, rana ta faɗi, goshinsa na jingine da ɓawon tsamiya, ana shimfiɗa tabarmi a bayan katanga.

“Halliru!” Baba Kura ya kwaɗa kira daga gaba. “Ka hau, ko sai na zo?”

Ya ɗora ƙafa. Ya kama reshe na farko. Daga sama ganye ya motsa, ba iska.

“Ku matsa ku ba shi wuri,” aka raɗa. “Kuma yaro, in hoton nan ya yi rawa ko sau ɗaya, rumbu na nan.”