Muryar Da Ta Yanke A Kan Tudu

"Luce, ki dube ni mana! Jibi motar birnin Split za ta tashi. Da ke zan hau, ko ni kaɗai?"

Luce ba ta ɗago ba, cuku take matsewa a tsumma. Saurayinta Vinko ya samu aikin gini a Jamus, so yake a ɗaura musu aure su tafi tare.

"Vinko, in na bi ka wa zai karɓa wa Baba?"

"Haba masoyiyata! Yanzu waƙa ce za ta raba mu?"

Tun rasuwar mahaifiyarta ita ke karɓa wa mahaifinta, tsoho Mijo, ojkanje, waƙar tsaunukansu. Mutum zai ja "oooj" yana karkaɗa maƙogwaro har numfashinsa ya ƙare, na biyu ya cafe kafin muryar ta faɗi. Duk ƙauyen su biyu suka rage masu yi.

Iska ta bugo taga da ƙarfi. Karnuka suka hau haushi ba gaira ba dalili.

Sai ga muryar Baba daga tudun da yake kiwo, tana rawa tana ratso kwari. Luce ta buɗe baki za ta karɓa...

Muryar ta yanke a tsakiya.

"Wayyo Yesu!" Ta watsar da cukun ta zura a guje, Vinko na biye.

Jikin katangar dutse suka same shi jingine, dafe da ƙirji, tumaki sun kewaye shi tsit.

"Baba!"

"Ke, kukan me?" Ya dubi Vinko da ƙyar. "Ɓarawon 'yata, zo ka goya ni mu ga ƙarfinka."

Vinko ya goya shi. Luce ta yi gaba tana kiran likita a waya.

Tsohon ya raɗa masa a kunne, "Ka tafi da ita... amma kada ka hana ta waƙa, ko maƙwabta za su kai ƙara."

"Na yi alkawari, Baba."

Dab da coci Vinko ya daina jin ɗumin numfashi a wuyansa. Hannuwan da ke riƙe da shi suka saki.

"Baba ka daure, likita na hanya!" Luce ta waiwayo. "Vinko, yana ji na kuwa?"

Hawaye suka cika idonsa. Ya gyara goyon a hankali.

"Ci gaba da yi masa magana, Luce tawa," ya ce, ya ci gaba da gangarawa.