Mu Goma Sha Ɗaya Ne

Bayan magariba, injiniya Ibtisam ta koma kangon masana'antar auduga da gobara ta cinye a garin Damazin, inda aka ba ta zanen ɗakunan kwanan ɗalibai. Filin matsattse ne, awon kusurwar gabas kuma ya ƙi fitowa daidai. Tana jan igiyar awo ita kaɗai, sai ta ji an riƙe ɗaya bakin.

Wata tsohuwa ce, tana ƙaurin ƙonanniyar auduga.

"'Yata, ki bar mana kusurwar nan. Mu goma sha ɗaya ne."

"Wallahi, Hajja, ba ni da iko," in ji Ibtisam. "An riga an sa hannu a kan zanen."

Ta haska tocila. Tsohuwar na tsaye a tsakiyar wani buɗaɗɗen rami, babu komai ƙarƙashin ƙafafunta, bayanta kuma sauran goman sun fara hawowa.