Ɗaurin Ƙugiyar Malam Husaini

Da hantsi aka bugo wa Sufeto Sharhabil waya: an tsamo gawa a gurbin da rafi ke haɗuwa da Kogin Kaduna, can bayan Malali.

Malam Husaini ne, masuncin da ya shekara arba'in yana iyo a kan gora. Wai ruwa ya ci shi. Haba! Ruwan da ya san shi tun yana yawo ba wando?

Sufeto ya tsuguna ya duba. Ƙafafun mamacin duk tsaga ne, ga ƙugiya ta nutse a dunduniyarsa da guntun zare a jiki. Zaren ba tsinkewa ya yi ba, wuƙa aka sa masa.

"Mamari ne, Yallaɓai," in ji Sarkin Ruwa, shugaban masuntan wurin. "Doguwar igiya mai ƙugiya ɗari, a shimfiɗa ta ƙarƙashin ruwa, duk abin da ya gifta ta kama. Dokarmu, mai sa mamari sai ya kafa sanda da jan ƙyalle don masu iyo su kauce. Nan ba ƙyalle. Kuma na rufe gurbin nan har ƙarshen damina, giwan ruwa na ƙwai."

"To me ya kai marigayin?"

"Shi na ɗora ya riƙa dubawa kowace safiya."

Nan take masunta suka nuna Ila, wani Bazamfare da suka taɓa cacar baki da Husaini. Baƙo dai, ko tuntuɓe aka yi shi ne.

Ladi, matar marigayin, ta iso mayafi na jan ƙasa. Ba ta yi kururuwa ba, abin da ya fi ba Sufeto tausayi ke nan.

"Yallaɓai, ko wane ne, ka nemo min shi. Ban yafe ba, duniya da lahira."

A ofis Ila ya rantse mako guda rabonsa da kogi. Sufeto ya dangwara masa bokitin da aka ɗauko a ɗakinsa, ɓawon karfasa ko bushewa bai yi ba.

"Na jefa koma jiya, Yallaɓai, tsoro ne ya sa na ɓoye. Amma wallahi ban sa mamari ba!"

Sufeto ya jera ƙugiyoyin Ila kusa da wadda aka ciro. Nasa ɗauri ɗaya ne, na gaggawa. Ita kuwa an naɗe ta sau bakwai, aka komo baya sau ɗaya, kuma daga hagu. Duk da haka Ila ya ci gaba da zama a sel, don ba wani a hannu.

Ran sadakar uku Sufeto ya je gidan a Unguwar Shanu. Habibu, ɗan marigayin tilo, shi ke karɓar gaisuwa a zaure, tafin hannunsa naɗe da tsumma.

"Kana su?"

"Na bari shekara uku, Yallaɓai. Keke nake ja."

"Hannun fa?"

"Ƙarfen keke ne."

Sufeto ya sake duban tsumman. Ya nemi iso wurin Ladi, Habibu ya raka shi. Ya buɗe 'yar leda ya miƙa mata ƙugiyar.

"Mama, ko Malam ya taɓa ambaton wani mai irin wannan ɗauri?"

Ta kai ta kusa da ido. Sai ga ɗan murmushi, na farko tun ranar.

"Ai ɗaurin Malam ne. Bakwai gaba, ɗaya baya. Bahago ne shi, gadon babansa ne. Amma ya daina sa mamari tun da daɗewa."

"Wa ya koya wa?"

"Ba ya koya wa kowa, sai dai..."

Ta tsaya. Ta ɗago kai a hankali ta dubi hannun ɗanta. Innalillahi!

Habibu ya zube a gabanta.

"Inna, giwan ruwan nan ne, babban da Baba ya shekara uku yana bi. Kullum sai ya ce min ɗan tudu, ba jininsa ba ne a ruwa. So na yi in ajiye masa shi a tsakar gida. Da na kafa ƙyalle zai gane. Na zo da safe in janye kafin ya iso, ashe ya riga ni. Na ja igiyar har ta yanke ni, na ɗauka kifin ne."

"Ka yanke zare, ka bar Ila kwana uku a sel," in ji Sufeto. "Tashi."

Ya tashi. Sufeto bai sa masa ankwa ba, saboda masu gaisuwa.

Suna bakin ƙofa Ladi ta kira Sufeto, murya a dushe.

"Yallaɓai, maganar da na yi a bakin ruwa, ana iya janye ta?"

Sufeto ya kasa juyowa.

"A wurin Allah ana iyawa, Mama. A wurina kuwa, sai dai alƙali."

Da la'asar aka saki Ila. Ladi na nan zaune inda suka bar ta, mata na shigowa suna yi mata gaisuwar mutum ɗaya.