Gwankin da Ya Cinye Haƙoran Baffa

Tun kafin kiran assalatu na rataya bindigata harba-ruga a kafaɗa, na soke gatari a ɗamara, na tsaya ƙofar ɗakin Baffa Tunau, ƙanin mahaifina, wanda ya koya mini karatun sawu. Ya riga ni tashi, yana zaune ya tallabe muƙamuƙi.

Shekara arba'in Baffa yana goge baki da saiwar fasa-ƙwari, itacen nan mai ƙaya da ke sa harshe zugi idan an tauna. Da ita ya kai tsufa yana fasa ƙashi. Da gwiwa ta hana shi shiga daji, saiwar ta ƙare, dasashinsa ya janye, gindin haƙoran ya yi baƙi. Turame huɗu suka rage masa na tauna, su ma sun fara tsami.

"Nomau," ya ce, "itacen yana hayin Rafin Kurmi. Ka haƙo yau. In ruwan farko ya sauka, rafin ba ya ƙetaruwa sai kaka. Ko giwa ka gani, ba ita na aike ka ba."

Na ce to, har da dariya.

Hantsi na ƙetare rafin, yashi zalla, ko tafin ƙafata bai jiƙe ba. Ina hango itacen, bai fi jifa biyu ba, sai idona ya faɗa kan sawun gwanki. Kofato faffaɗa, ya nutse a ƙasa, kashinsa ɗanye yana tururi. Shekara tara ina neman gwanki ban samu ba. Na ce a raina itace ai ba ya gudu. Wannan maganar ita ce wautar da ta fi kowace a rayuwata.

Na sunkuya na bi shi cikin gamba, iska tana dukan fuskata. Na ja ciki, ƙaya tana yagar gwiwata, har na hango ƙahonninsa sun lanƙwasa baya, yana kaɗa kunne ƙarƙashin kirya. Na ɗana, na saki. Daram! Hayaƙin albarushi ya rufe ni. Ya faɗi, ya miƙe, ya ruga da harbi a haƙarƙari. Na bi jini a kan ganye har la'asar kafin na same shi kwance, na yanka.

Ina cikin fiɗa iska ta juya. Na ɗaga kai, gabas ta yi baƙi ƙirin. Na saɓi cinya ɗaya na zuba a guje. Kafin in kai rafi ruwa ya tsuge, rafin ya fara kawowa, jajir, yana tafe da karmami. Itacen yana can hannun dama, haƙarsa kuwa tana son lokaci. Na dube shi, na dubi ruwan, na faɗa. Ya kai ni ƙirji, ya fizge gatarin, ya maka ni da wani kututture. Da ƙyar na kama reshe na fita, cinyar tana kafaɗata.

Na ajiye ta gaban Baffa, don cinya rabon maigida ce a farauta. Ya shafa naman, ya ce, "Gwanki ne. Barka." Bai tambayi saiwar ba. Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Daminar nan ina ji ina gani turamen suka fita ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da ya ciyar da gari da nama ya koma kunu da fate.

Da kaka ta yi, ruwa ya janye, na koma na haƙo saiwar dami guda, na kawo na durƙusa. Baffa ya zari ɗaya, ya shinshina, ya daɗe yana juya ta a hannu.

"Ita ce kuwa," ya ce. "Kai wa 'ya'yanka, Nomau. Ni da me zan tauna ta?"