Kalangu a Ajin Kimiyya

Ranar da Safina ta raka ƙanwarta Barira makaranta a Kende ta fara ganin Malam Zainulabideen, malamin kimiyya. Barira kurma ce tun haihuwa, kullum can baya ake tura ta. Shi kuwa ya ɗauko kujera ya dasa mata gaban allo. Safina ta saki baki tana kallonsa, kuma wallahi tun daga nan ta kamu.

Ba a jima ba saƙonni suka fara yawo tsakaninsu.

"Hasken idona, yau Barira da kanta ta haɗa batir da ƙwan fitila."

"Malamina, Allah shi bar mini kai."

Ana batun kai gaisuwa sai Shamsu, mai fatauci zuwa Benin wanda Safina ta ƙi, ya tsegunta wa mahaifinta Malam Lauwali cewa ya ga malamin da kalangu cikin aji.

"Innalillahi! Ni in ba makaɗi ɗiyata? Ba gidan ga ba!"

Safina ta rubuta wa malamin: "Da gaske kiɗa kake yi? Baba ya ce an fasa."

"Da gaske ne. Roƙe shi ya zo ya gani."

Lauwali ya zo, amma don ya cire Barira ne. Yana isa taga ya tsaya cak. Darasin sauti ake yi. An zuba gero a kan fatar kalangu, malam na bugawa, gero na tsalle, Barira ta dafa jikin kalangun ta zaro ido.

"Baba, bismilla," in ji malamin. "Sauti girgiza ne, hannu ma yana jin sa."

Ya ɗora tafin yarinyar a maƙogwaron mahaifinta.

"Baba, kira sunanta."

"Barira."

Ta zabura, ta dube shi, ta nuna ƙirjinta tana tambaya ko da ita yake. Ya sake kira. Shekara da shekaru yana kiran sunan nan, sai yau ya isa gare ta. Dattijo ya fashe da kuka gaban yara, ko kunya babu.

"Malam, turo magabatanka."

Bayan girbi aka ɗaura aure a Bagudo, kowa na Allah ya sanya albarka, ya ba da zuriya ta gari. Lauwali da kansa ya aika aka kira makaɗa. Barira na tsakiyarsu, tafinta a kan kalangu, tana dariya.